Sunan Da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a gefen Gwashi, ban taɓa zama aji ba. Maƙwabciyata malamar makaranta ce ke rubuta mini wanga labari, kuma na gaya mata in ta ƙare ta karanta mini in ji, don kada ta ƙara gishirinta. Lokacin da abin ya faru, ni ce matar da ake shakka a unguwarmu. Ba a auna mini hatsi ban sa an sake ba, matar ɗana ba ta ɗora tukunya ban leƙa ba. Ina taƙama babu abin da ke wuce idona.

Ɗana na fari ya ci sunan mahaifin maigidana, Allah ya jiƙan surukin nawa da maigidan su biyun. Kunya biyu ke nan ta haɗu mini: ɗan fari, ga sunan suruki. Tun ranar suna bakina bai taɓa kiran sunan nan ba. Na laƙaba masa laƙabi irin na yaron da ya gaji kaka, gari duk ya ɗauka, har wasu abokansa ba su san yana da wani suna ba. Da ya girma ya samu aiki a wata ma'aikata a Bukkuyum, yana ɗaukar buhunan taki a sito. Da anka fara sa ma'aikata inshorar lafiya, ya kawo mini kati mai hotonsa, ya ce Inna ajiye, kowane wata ana yankar albashina saboda shi, ranar ciwo shi zai tsaya mana. Na naɗe shi a ƙyalle na tura ƙasan kwalla. Ko ɓera bai kusance shi ba.

Ya daɗe yana da ƙaba, tana fitowa yana mayarwa. Wata safiya ta fito ta ƙi komawa. Kafin azahar yana birgima yana amai, cikinsa ya yi tauri kamar faifai. A asibitin kusa anka ce hanji ya murɗe, sai tiyata, mu wuce Gummi tun hanya na biyuwa. Matarsa na da tsohon ciki, na ce ta zauna. Na ɗauki kati na shiga mota, kansa a cinyata, hankalina kwance a kan abu ɗaya: ai muna da kati.

A Gummi mai karɓar kati ya danna na'ura ya sake dannawa, ya ce katin nan an rufe shi da daɗewa. Na ce ƙarya ne, ga hotonsa, ga shi kwance, ka dubi fuska. Ya ce Inna ba da fuska na'ura ke aiki ba. Wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce baƙuwa amma Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, ta ja ni gefe ta yi mini bayani a hankali. Sunan da ke katin daban, sunan da ake biyansa albashi da shi daban. Da anka tantance ma'aikata, sai masu inshora sunka nemi mai sunan katin cikin masu albashi ba su same shi ba, sunka cire shi. Kuɗi kuwa ana ta yanka. Na ce ta karanta mini abin da ke jikin katin. Ta karanta. Laƙabin da na sa masa da bakina ne. Akawun da ya yi musu rajista ɗan ƙawata ne, tare da ɗana sunka yi wasan ƙasa, don haka bai ko tambaye shi ba, ya rubuta abin da ya tashi yana ji.

Likita ya sa masa ruwa da allura, ya ce shi ba zai kore mu ba, amma kayan aikin da jini sai ko masu inshora sun ba da izini ko mu biya. Abin da anka faɗa, ko na sayar da duk abin da ke ɗakina ba zai kai ba. Anka kira akawun a waya aka kara mini. Ya fara da gaisuwa yana Inna ina gajiya, na ce ajiye gajiyarka, yaron da kunka ci tuwo kwano ɗaya yana mutuwa da rubutun hannunka. Ya yi ta rantsuwa bai yi da gangan ba, ya ce gyara sai wasiƙar shugabansu, shugaban kuma yana Gusau taro, sannan sai takardar rantsuwa daga kotu cewa sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne. Ni da ban taɓa roƙon kowa gishiri ba, na durƙusa a gaban tagar kati ina roƙon yaron da na yi jika da shi. Na kama ƙafar wandon likita. Mutane na kallo, ban ji komai ba.

Washegari na je kotu, tunda mai ciwo ba ya ko gane mutane. Magatakarda ya ce in faɗi sunan ɗana na yanka. Na ce ga katin ɗan ƙasarsa, ya karanta da kansa. Ya ce a'a, mai rantsuwa ce ke faɗa. Na buɗe baki, wallahi harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya yi dariya, ya ce tsohuwa ta manta sunan ɗanta. Na juya na dube shi har ya sunkuyar da kai, sannan na faɗi sunan, da ƙarfi, a gaban maza baƙi. Ban san ina kuka ba sai da hawaye ya ɗiga a takardar.

Duk da haka izini bai zo ba, wai sai an buɗe ofis bayan hutun ƙarshen mako. Ɗana kuwa ya daina ko nishi. Na aika ƙauye aka jinginar da gonar da ubansa ya bari, ga dawa tsaye ta kusa yanka. Da kuɗin anka shiga da shi. Likita ya fito ya ce hanjin ya riga ya mutu wani sashe, sun yanke, da an yi tun ranar da munka zo da ba a kai nan ba.

Da anka fito da shi ya ƙi farkawa. Ma'aikaciyar nan ta ce Inna yi masa magana, yana ji. Na kira laƙabi, shiru. Na sake, shiru. Sai na sunkuya kan kunnensa na kira sunan yankansa. Ya buɗe ido ya dube ni ya daɗe, sannan da muryar da ba ta fita ya ce ashe Inna kin san shi.

Ya rayu, alhamdulillahi, amma ba ya iya ɗaga ko bokitin ruwa, buhu kuwa sai dai kallo. An gyara katin bayan an sallame mu, aka ce abin da munka riga munka biya ba ya dawowa. Gonar har yau tana hannun mutane, ina wucewa ta gefenta in kau da kai.

Shekaru ina tsaron katin nan daga ɓera da damshi, ban taɓa cewa wani ya karanta mini shi ba. 'Yan'uwana mata, musamman irina da ba mu yi karatu ba, duk takardar da anka ba ku ajiya ku sa a karanta muku ita da ƙarfi. Ku tura 'ya'yanku asibiti su gwada katinsu tun suna tafiya da ƙafarsu, su tabbata sunan albashi ne a jiki. Masu rajista kuma ku tambayi mutum sunansa ko da ciki ɗaya kunka fito. Ni dai yanzu da sunansa nake kiransa, safe da yamma, a tsakar gida. Tsofaffin unguwa na cewa na zubar da kunya. Su faɗa. Yana amsawa.