Tsayawa a Kwanar Gada

Shekara ashirin da shida ya yi yana jan bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin sabulu, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Ma'aikata suna kiransa Hawainiya saboda tafiyarsa, shi kuwa ko a jikinsa. Mutumin kirki ne, sai dai akwai taurin kai. In ya kafe, gara ka yi gardama da bango. Abin alfaharinsa guda ne: jami'in hanya bai taɓa rubuta sunansa ba.

A cikin waɗanda yake ɗauka akwai wata dattijuwa mai sharar ofis, kowa Iya yake ce mata. Gwiwarta ta daɗe da lalacewa. Tashar bas tana can gangare, gidanta kuwa yana kan tudu, hawan da ba za ta iya ba. Shi ya sa kullum da yamma yakan tsaya mata a kwanar gada, daidai gindin allon hana tsayawa, ta sauka ta shige gida. Da wannan 'yar tsayawar take riƙe da aikinta.

A nan wani sabon jami'i ya ritsa shi, ya miƙa masa takarda: ko ya biya tara, ko ya bayyana a kotu.

Matarsa ta ce, "Maigida, don Allah ka biya a wuce wurin. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. In na biya, na amsa laifi ke nan."

Sau uku yana zuwa kotu ana ɗage zama. Ya haddace bencin da ke girgiɗi, ya san fankar da ba ta juyawa. Har magatakarda ya ja shi gefe ya ce, "Baba, ka amsa ka roƙi sassauci, minti biyu an gama." Ina! Shi dabara ce ta faɗo masa: zai kawo Iya, alƙali ya ga gwiwarta da idonsa. Bai tsaya ya yi tunanin abin da za a tambaye ta ba.

Ranar zama, Iya ta zo tana dogara sanda. Kamfani ma ya turo shugaban ma'aikata, tunda motarsu ce.

Alƙali ya ce, "Iya, ranar nan kaɗai ya tsaya miki a wurin?"

"Haba, ranka ya daɗe! Shekara shida ke nan, kullum ta Allah. Ko ruwa ake yi bai taɓa wucewa da ni ba. Allah ya yi masa albarka!"

Kotu ta kwashe da dariya, Iya ma ta taya su, a zatonta ta fidda shi. Hawainiya ya waiga, ya ga shugaban ma'aikata yana rubutu.

Alƙali ya same shi da laifi, amma ya rage tarar. Kamfani bai kore shi ba, takardar gargaɗi kawai aka ba shi: in ya sake tsayawa a inda ba tasha ba, ya ajiye makulli.

Mako uku yana sauke Iya a gangare, yana kallonta ta madubi tana hawa, tana hutawa, tana hawa. A mako na huɗu kujerarta ba kowa. Aka ce ta ajiye aiki.

Ya ji kunya, ya ji haushin kansa, sai da ya yi kwana goma kafin ya iya zuwa gidanta. Ya same ta a kan tabarma, ƙafar a miƙe, ta kumbura. Ya zo ne ya nemi gafara, amma kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Malam direba, tun ranar nan abin yake damuna. Ko ni ce na ɓata maka a kotu? Ka yafe mini."

Ya sunkuyar da kai.