Sufanar da Ba Tasa Ba

Babana bai yarda da kowa ba, har da mu da ya haifa. In ka ce masa ka kulle ƙofa, sai ya tashi ya je ya girgiza kwaɗon da hannunsa. Shi ya sa a filin jirgin sama, inda ya yi shekara ashirin da shida yana riƙe da siton kayan gyara, ba mai kiransa da sunansa. Sai Na Gani suke ce masa, shi kuwa ko a jikinsa.

Aikinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da babban allo a bango, an zana siffar kowane ƙarfe da jan fenti. Bakanike ya karɓa, ya gama, ya dawo da shi. In dai akwai gurbi ɗaya da jan fentinsa ke leƙe, jirgin da aka taɓa ba ya tashi, domin ƙarfe kamar ɗan yatsa in aka manta shi a cikin inji ya isa ya hallaka mutum ɗari. Baba yakan ce, a sama babu gefen titi da za a tsaya a buɗe bonet.

Mijina bakanike ne a wurin. Baba ne ma ya nema masa aikin, bayan ya yi wata uku yana bincikensa kamar wanda zai sayi tsohuwar mota.

Ranar da abin ya faru, mijina ya yi gyara a injin dama na jirgin ƙarfe goma na safe. Da Baba ya duba allo, ƙaramar sufana ɗaya ba ta nan. Ya aika aka kira shi. Mijina ya lalube aljihunsa, ya zazzage akwatinsa, ya ce bari ya duba ƙarƙashin tsani. Baba ya shiga ciki ya buga wa manaja waya. Da ya fito, sai ga sufana rataye a gurbinta.

Da wani ne, da sai ya ce alhamdulillahi. Baba ya cire ta, ya kai taga, ya juya ta. Duk ƙarfen da ke sitonsa yana da zane uku da ya yi da magagari a gindi, inda ba mai lura. Wannan sumul take.

"Wa ya rataya wannan?"

Mijina ya ce, "Ni ne, Baba. A ƙarƙashin tsani na tsince ta."

"Wannan ba tawa ba ce."

Manaja ya iso yana haki. Fasinjoji sun riga sun zauna, matuƙi yana ta tambaya. Manaja ya ce, "Haba dattijo, sufana ai sufana ce. Lamba ɗaya, girma ɗaya. Surukinka ne fa, in ka rubuta wannan ka san abin da zai biyo baya."

Baba ya ce ya sani. Ya ce a sauke mutane a buɗe injin.

An buɗe. Awa biyar ana haska fitila a kowane lungu, ba a ga komai ba. Jirgi ya tashi da yamma, mijina kuma aka ba shi takardar dakatarwa, aka ce za a zauna a kansa ranar Litinin.

Wallahi na ji haushin Baba, haushin da ban taɓa ji ba. Yara uku gare mu. Mutum ya zubar da abincin jikokinsa a kan zane uku, kuma ba a samu komai a injin ba? Na ce wa Inna a waya, wannan ba tsantseni ba ne, ciwo ne, mijinta ya je a duba shi. Ta ce, "Yau kika san ubanki?"

Ranar Asabar ina wankin rigar aikin mijina, na ji wani abu mai nauyi a ƙasan rigar. Aljihun ne ya huje, abin ya zurare cikin shafi. Na farke ɗinkin da reza. Sufana ce, da zanenta uku.

Ko hannu ban tsaya gogewa ba. Na tarar da Baba a tsakar gidansa yana gyaran rediyo, na dangwarar da ita a gabansa.

"Ga ta nan. A rigarsa take. Ba ta taɓa zama cikin injin ba, Baba. Ka je ka gaya musu kafin Litinin."

Ya ɗauka, ya shafa zanen da babban yatsa. Na zaci zai ji kunya. Sai ya ce in zauna.

"Yaushe kika same ta?"

"Yanzun nan."

"Shi ya san tana cikin rigar?"

"Ina zai sani? Da ya sani ai da ya fito da ita."

"To," in ji Baba. "Lokacin da ya rataya min waccan, a ina yake zaton wannan take?"

Sai na tuna. Wuri ɗaya mijina ya yi aiki a safiyar nan, a injin dama. Mutum ɗari da arba'in na zaune a cikin jirgin sun ɗaura bel.

Baba ya ce zai kai musu sufanar, zai kuma faɗi inda aka same ta, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Ya sa ta a aljihu. Ya ce, "Ni na kai mijinki wurin aikin nan. Wata uku ina dubawa."

Da na koma gida mijina yana zaune da ƙaramarmu a cinya, yana yanke mata farce a hankali don kada ya ji mata ciwo. Na gaya masa an ga sufanar, a rigarsa take. Ya sauke wata irin ajiyar zuciya, ya rufe ido, ya ce, "Alhamdulillahi, ashe ba ta ciki."

Na tsaya ina kallonsa. Kwana uku ke nan yana ce min ya tabbata ba ta cikin injin.