Ranar da Inna Ok-bun ta durƙusa wa mijina

Da safiyar Talata, sha biyu ga watan Nuwamba, Ubangiji ya kira Inna Seok Ok-bun gida, tana da shekara tamanin da bakwai. Fasto ne ya bugo mini waya ina tsakiyar yanka kabejin kimchi, abincinmu mai tsami da yaji, na ajiye wuƙa na zauna a ƙasa. Mun san jikin ya tsananta, amma sanin mutuwa na tafe bai taɓa rage zafinta ba.

Inna, duk ƙauyen nan da tukunyar taliyar Lahadi za a riƙa tuna ki. Tun ina amarya na same ki a bayan majami'a da ludayi a hannu, kina zuba wa mutane kina yi musu faɗa. Wanda ya ce ya ƙoshi, sai kin ƙara masa. Shekarar da teku ta ci mijin maƙwabciyarmu Bok-nyeo, a ɗakinta kika tare har sanyi ya wuce. Bakinki da kaifi, ba zan ɓoye ba don kin rasu, amma hannunki ya fi bakinki aiki.

Maganar mijina, Dal-su, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Shi ne ɗan fari a gidansu, kuma ranar tunawa da rasuwar uba, ɗan fari ne ke tsiyaya giya a gaban teburin da aka jera wa mamaci shinkafa da kifi, ya kai goshi ƙasa. Tun da aka yi masa baftisma ya daina. Sai shekarar da surukata ta kwanta ciwo, ta kama ƙafar wandonsa tana kuka. "Ɗana, bari ubanka ya ci daga hannunka ko sau ɗaya, kafin in je in same shi." Ya durƙusa. Kafin Lahadi labari ya gama ƙauye.

Ke kuwa saboda irin wannan teburin dangin mijinki suka kore ki da goyo a baya, don kin ƙi dafa abincinsa. Da Dal-su ya miƙo kwano a layin taliya, sai kika mayar da ludayi cikin tukunya. "Baban Sun-mi, ai ka riga ka ci a wani tebur," kika ce, kina kiransa da sunan 'yarmu. Ya ajiye kwanon a hankali ya fita. Shekaru suka shuɗe bai taka majami'a ba. Bai kama shaye-shaye ba, bai yi faɗa da kowa ba, waƙa kawai ya daina. Yakan ce da ni shi ya rufe wa kansa ƙofa, ba ke ba. Ni dai na ji haushinki ƙwarai a shekarun nan.

Wata rana da hantsi kika gangaro bakin teku kina dogara sanda, masunta na gyaran raga. Kika tsaya gaban Dal-su, alhali kin haifi wanda ya girme shi, kika ajiye sandar, kika haɗa hannuwa, kika kai goshinki kan jiƙaƙƙen siminti. Tunda nake ban taɓa ganin babba ya yi wa ƙarami wannan gaisuwa ba.

"Inna, don Allah ki tashi, mutane na kallo," in ji Dal-su.

"Su kalla mana. A gaban mutane na kunyata ka. Kai tausayin uwa ya durƙusar da kai, ni girman kai ya tsayar da ni ƙiƙam. Ka yafe mini. In ka gama ka ɗaga ni, gwiwoyin nan sauka kawai suka iya."

Ya ɗaga ki yana hawaye. Ya dawo majami'a, amma a kujerar baya, kuma duk ranar Jibin Ubangiji sai ya miƙa tiren gaba bai taɓa gurasar ba. Ya yafe miki, sai dai bai yarda shi an yafe masa ba.

Da ciwonki ya yi nauyi, fasto ya kawo miki Jibi har gida. Dal-su ne ya tuƙo shi, ya tsaya daga ƙofa. Kika ƙi buɗe baki ki karɓi gurasar.

"Ku ce ya shigo. Ba na ci ni kaɗai."

"Inna, ban cancanta ba."

"To wa ya cancanta, ni? Wannan ba taliyata ba ce balle in hana ka, kai ma ba ka isa ka hana kanka ba. Mai abincin ya ce ka zo. Ko so kake in tafi da yunwa?"

Ya cire takalmi ya shigo, ya karɓi gurasar da hannu biyu. Sai da kika ga ya haɗiye kika buɗe baki. Washegari ya je wurin fasto ya roƙi a ba shi mabuɗin majami'a, yanzu shi ke buɗe ta don addu'ar asuba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗan Inna, Tae-bok, da 'yarta Myeong-ja, da jikoki, da matan ikilisiyarmu da suka rasa uwa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya gafarta mata kurakuranta, ya ba ta hutawa cikin salama. Inna, da guntun numfashin da ya rage miki kika rako mijina wurin Ubangijinsa. Yesun da kika bi tun kina yarinya, shi ya tarye ki da jinƙai. Amin.