Abin da Na Yanke Daga Ladan Baba Yohanna

Ni ɗan masunta ne daga bakin tabkin Madarumfa, kuma har na zama saurayi ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Sana'ar kamun kifi ba ta karɓe ni ba, sai mahaifina ya damƙa ni a hannun abokinsa Baba Yohanna, wani magini Kirista daga Maraɗi da ya daɗe a garinmu. Shi ya koya mini jera bulo, a gidansa nake cin abincin rana. Samari, ku riƙe sunan nan, don shi ne mutumin da na cuta.

Na ɗan taɓa lekwal, wato makarantar boko, na iya lissafi, ga ni da zaƙin baki. Da wani Alhaji ɗan kwangila ya sami aikin gina azuzuwa a wajen Gabi, sai ya ɗora ni a kan ma'aikata, ni nake karɓo kuɗi in raba. Biya iri uku ne. Akwai na yini, ka tashi aiki a ba ka kuɗinka cif. Akwai jinga, a yi cinikin bango guda, in kana da sauri ka fi kowa samu, in ruwan sama ya tsai da kai ka ci asara. Na uku shi ne a yi maka rajista a biro, wato ofishin hukuma, a biya ka ƙarshen wata, a yanke lanho, wato haraji, da kuɗin asiransi, wato inshora. Abin da ke shiga aljihu a nan ya fi ƙanƙanta, amma in ka ji ciwo a bakin aiki za a yi maka magani, a riƙa ba iyalinka wani abu.

Da "babu canji" na fara. Dala biyar nan, dala goma can, ba wanda ya ɗaga murya. Sai raina ya ce mini, ashe abin ba wuya.

Samari duka na yini suka zaɓa. Baba Yohanna kaɗai ya ce a yi masa rajista. Suka yi ta yi masa tsiya, wai tsoho ya ƙi kuɗi. Ya ce da su, "Ku yi dariya. Ni ina da ɗiya, kuma na san yadda tsani yake." Ya rinjayi wasu magidanta suka bi shi.

Ni kuwa ban taka ƙofar biro ba. Na ce wa Alhaji kowa na yini ne, na karɓo kuɗinsu cikakke. Na su Baba kuma na riƙe har ƙarshen wata, cikin kowace jika biyar na zare ɗaya na ce ta asiransi ce. Na sayi babur, na ɗinka shadda. In Baba ya karɓi ɗan abin da ya rage har sa mini albarka yake, ni kuma in amsa da amin ba kunya.

Ana cikin ɗora rufi katako ya karye da Baba. Ƙarar faɗuwarsa har yau tana kunnena. Muka kwashe shi zuwa asibiti a Maraɗi, ƙashin cinya ya tsattsage. Abin da ya fi tayar mini da hankali, shi ke kwantar wa matarsa da hankali, yana cewa kada ta sai da ko akuya, akwai asiransi.

Ina tsaye a gefen gadon Alhaji ya shigo dubiya. Baba ya kama hannunsa ya ce, "Alhaji, na gode da rajistar nan. Ba don ita ba, mi zan yi yau?"

Alhaji ya ce, "Wace rajista, Baba?"

Alhaji ya juyo ya dube ni. Baba bai zage ni ba. Kallona kawai ya yi, ya ce, "Ɗana, kai?" Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Jandarmomi suka tafi da ni, alƙali ya tura ni gidan kaso. Aka sayar da babur ɗina don maganin Baba, kuɗin bai kai ko'ina ba. Mutanen majami'arsu suka yi karo-karo, Alhaji ya ƙara, amma kafin kuɗin aikin ƙashi su haɗu ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta. A kaso labarin ya same ni. Nan na ga lissafina fili: na sayi babur da ƙafar mutumin da ya ciyar da ni.

Da na fito, na tuba ga Allah, na nufi garkarsa, lambun da yake nomawa a bakin tabki. Na same shi zaune yana ɗaure ganyen salati, sandarsa a gefe. Na durƙusa ina kuka.

Ya ce, "Tashi. Na yahe maka tun kana ciki. Amma ka san ɓarnar da ka yi? Yaran da suka yi mani dariya, yanzu su ke da gaskiya. Ba maginin da ke yarda a yanke mashi ko dala. Ɗana Bulus yana can saman gini, kuɗin yini yake amsa, in ya hwaɗo babu komi ƙarƙashinshi."

Ni a zatona mutum guda na cuta.

Samari, kada ku raina dala biyar ta haram, da ita na fara. In kuma an ce za a yanke muku wani abu, ku tambayi inda yake zuwa, ku je biro da ƙafarku ku gani. Yankan gaskiya kariya ce, ni ne na ɓata masa suna.

Ranar nan na sami Bulus a wajen aiki, na roƙe shi ya je a yi masa rajista. Ya leƙo daga saman tsani, bai ko ajiye bulon hannunsa ba, ya ce, "Ka je ka gaya wa ƙahwar babana."