Sau Uku Na Ta da Motar

Mahaifinmu ya rasu ne a bayan motarsa, a kan hanyar da ta taso daga tungarmu ta bakin tafki, ta ratsa Warra, ta nufi Yelwa. Maciji ya sare shi a gonar gero. Aka sa shi a akori-kurar da yake jigilar bandar kifi da ita, wani maƙwabcinmu ya kama sitiyari. Suna cikin tafiya bel ɗin fanka ya tsinke a tsakiyar daji, kuma babu wani a motar da za a canza. Ina jami'a a lokacin. Da na iso gida, kabari aka nuna mini.

Bayan na gama karatu da hidimar ƙasa, na dawo gida ina jiran takardar ɗaukar aiki daga Sakkwato. Motar tana nan a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu. Na gyara ta, na ci gaba da kai kifi kasuwar Yelwa domin kada in zauna haka nan. A farkon daminar shekarar aka kawo ƙanwata goyon ciki. Ita kaɗai ce mace a ɗakinmu. Shekararta ɗaya da auren wani masunci na tsallaken ruwa, kuma wannan ne cikinta na fari. Ranar da na ga ta sauko daga kwale-kwale tana takawa a hankali, hannunta ɗaya a ƙugu, sai na ƙudura a raina cewa idan ranar haihuwarta ta zo da gardama, motar nan za ta kai ta asibitin Yelwa, kuma ba za ta tsaya a hanya ba saboda rashin wani abu da hannu zai iya tanada.

Na fara da bel ɗin fanka. Guda biyu na saya. Bakaniken da nake kai wa gyara a Yelwa, wani dattijo mai yawan barkwanci, ya ga ina haɗa su da filogi, da tif na taya, da faci, da famfo, da taya biyu na ajiya maimakon ɗaya, sai ya goge hannu a rigarsa ya ce, "Malam, ashe Makka za ka da ita ta ƙasa? To ka yi mini addu'a idan ka isa." Amma shi ne ya ƙara mini abin da babu shi a littafin motar. Ya ce in riƙa ajiye sandar sabulun wanki, domin idan dutse ya huda tankin mai, sabulu ake murzawa a toshe. Ya ce in ƙulle garin taba a leda, idan lagireto ya fara yoyo a zuba masa. Ya sa na kwance bel na mayar a gabansa har sai da na iya ba tare da na duba hannuna ba.

Sauran kayan hanyarmu ce ta koya mini su. Da damina wuri uku ne mota ke kafewa kafin a hau titi mai kyau, kuma na san su kamar yadda na san ɗakunan gidanmu. Saboda su na sa kafinta ya yanko mini filanki biyu masu kauri, daidai tsawon bodin motar, na ɗaure su a gefe tare da shebur da adda da igiya mai kauri irin ta jan jirgi. Jarka biyu na fetur, ɗaya ta ruwa. Mutane sun zo aron man nan ba sau ɗaya ba, na hana, har aka fara cewa boko ya mayar da ni marowaci. Na kafa ƙarafa a kan bodi na ja tamfol. A cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe ta Baba na zuba garin kwaki, da sukari, da ƙuli-ƙuli, da ashana, da tocila, da zannuwa biyu wankakku. Daga ƙarshe na sayi katifa sabuwa, na naɗe ta a leda domin ƙarnin kifi, na ɗaure ta a bayan kujera.

Duk wannan aikin ban gaya wa kowa dalilinsa ba.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa zama da ita mun yi magana ido da ido ba. Idan tana son in san wani abu, sai ta ɗaga murya ta faɗa wa tsakar gida: "A gaya wa wancan tuwonsa na hucewa." Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta yaye ni, a ɗakinta na girma, kuma ita ce take ɗaukar magana daga gare ni zuwa ga Inna, ta dawo da amsa. Ita ce ta fito wata rana ta same ni ina gyara ɗaurin katifar.

"Maigida, wagga katifa fa? Kifin yanzu ba ya son kwana cikin kwando?"

Na ce, "Ko da wani zai yi rashin lafiya ne, Kaka."

Ta dube ni, ta dubi zaure, inda ake hango ƙanwata tana tsintar shinkafa. Na sunkuyar da kai.

"Ji shi. Ya yi karatu har ya ƙure malamai, magana ɗaya ta fi ƙarfin bakinai. To rufe shi, na gane. Ran da abin ya zo, ni zan fito in ja ka da kunne. Kai dai ka ga tsohuwar motar ubanka ba ta ba mu kunya ba."

Da wannan na samu natsuwa. Na ɗauka shiri ya kammala.

Ana haka aka aiko cewa ƙanen Kaka ya rasu a Shanga. Ta ƙirga da yatsunta, ta ce haihuwar da sauran lokaci, sai sabon wata ya kama ya yi kwanaki. Za ta dawo bayan sadakar bakwai. Ni na kai ta tashar Yelwa. Tun daga Warra nake tsara tambaya ɗaya a raina: shin ta gaya wa Inna abin da aka tanadi motar dominsa? Na gyara jimlar, na sake gyara ta, har muka shiga gari ban furta ba. Da za ta hau motar Shanga ta ce, "Riƙe mini gida, kada ka bari gara ta cinye katifar kifinka." Na yi murmushi, na miƙa mata ƙullin kayanta.

Kwana huɗu da tafiyarta, ranar Talata da safe, na dawo daga masallaci na hango takalman ungozoma a ƙofar ɗakin Inna, ga babbar tukunya a murhu. Na tsaya a zaure. Can ungozomar ta fito ɗibar ruwa.

"Ina kwana, Iya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Sha'anin mata ne, je ka abinka."

Ban je ko'ina ba. Kifin da zan kai kasuwa na bar wa wani ya kai. Na zauna a gindin ɗorawa ina sauraron gidan, kuma babu abin da ke fitowa daga cikinsa sai ƙarar ludayi da kukan kaji. Na san sarai cewa mai haihuwar fari ba ta kuka, domin idan ta yi, gorin zai bi ta har tsufanta. Duk da haka na zaɓi in fassara shirun da sauƙi.

Na san kuma abin da ya kamata in faɗa. Magana ce gajera: Inna, ga mota, a kai ta asibiti. Taku ashirin ne tsakanina da ƙofar ɗakin. Amma ɗan fari, namiji, ya tsaya a ƙofar ɗakin da ƙanwarsa ke naƙuda ya yi wa mahaifiyarsa maganar haihuwa, wannan abu ne da ban taɓa gani ba, ban taɓa jin an yi ba, kuma ƙafata ta ƙi zuwa. Abin da na iya yi shi ne na shiga motar na ta da ita. Na bar injin yana aiki, na taka totur har ganyen ɗorawa ya girgiza, domin su ji a ciki cewa tana nan, lafiyarta ƙalau, da mai a cikinta. Na yi haka da hantsi. Na sake bayan azahar. Na sake kafin magariba. Ba wanda ya fito.

Ranar Laraba aka wayi gari da ruwan sama. Bayan azahar ina zaune a zaure sai na ji taku da sauri. Inna ce, babu mayafi, ɗankwalinta a karkace. Ta tsaya a gabana, ta dube ni cikin ido, ta kira sunana. Cikakkensa ta kira, kamar yadda liman ya raɗa shi.

"Ta da mota."

Kafin su fito da ƙanwata na shimfiɗa katifar. Mata huɗu suka ɗauko ta a cikin zane. Inna da ungozoma suka hau baya tare da ita, na ja tamfol.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, babu abin da na tanada da ya ba ni kunya. Wuri na farko da na biyu muka wuce su da ƙarfin giya. A na uku, wani kwari da ruwan safiya ya cika da laka, tayoyin baya suka nutse. Na diro na kwance filanki da shebur, hannuna ya san aikinsa. Wasu manoma Kambari, maza da mata, suna dawowa daga gona. Wata dattijuwa a cikinsu ta ɗaga gefen tamfol ta leƙa, ta juya ta faɗi wata magana da harshensu, nan take suka zubar da fartanyu suka shiga lakar har gwiwa. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ina tura filanki ƙarƙashin taya na ji muryar ƙanwata ta tsakanin katakon bodi, siririya ƙwarai.

"Yaya."

Na miƙe na matsa kusa. Leɓɓanta sun bushe, ta cije na ƙasa har ya fashe.

"Jiya ina ji kana ta da mota. Na san don ni ne."

Na ce, "Sannu. Mun kusa."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Mun isa asibitin Yelwa rana ba ta faɗi ba. Ma'aikatan suka karɓe ta da gudu. Likita ya tambayi lokacin da naƙudar ta fara, Inna ta ce tun yammacin Litinin. Ban san da wannan ba sai a lokacin. Ya rubuta a takardarsa. Suka yi mata aiki, suka ciro ɗa namiji wanda ya riga ya koma. Ita kuma ta kai hantsin Alhamis, sannan ta cika.

A kan katifar nan muka dawo da ita. Hanya ta bushe, ba mu kafe ko sau ɗaya ba. Akwatin Baba ba a buɗe ta ba sai domin zannuwan, da su aka lulluɓe ta. Mijinta yana tsaye a bakin ruwa da muka iso, bai ko ɗaure kwale-kwalensa ba.

Na yi imani cewa kwananta ne ya ƙare, kuma masu ta'aziyya sun yi ta tuna mini da haka. Ban yi musu da kowa ba. Sai dai na san cewa an ba ni yini ɗaya da rabi, da mota mai lafiya, da baki, kuma motar kawai na kula da ita.

Kaka ta iso ran sadakar uku. Ba ta tsokane ni ba, ba ta kira ni maigida ba. Ta zauna a ƙofar ɗakina ta ce ita ce ta yi kuskuren ƙirga. Na ce ba ita ba ce. Da aka yi arba'in, ta ɗauki sandarta ta bi gidajen tungar ɗaya bayan ɗaya, ta shiga wurin mata. Abin da ta gaya musu shi ne, duk gidan da naƙuda ta wuce yini, ba sai an yi wa kowane namiji magana ba. A ɗauko taɓarya a jingina ta a jikin motar gindin ɗorawa, mai motar ya san ma'anarta.

Takardar Sakkwato ta zo, na nemi a bar ni a makarantar da ke kusa da gida, aka yarda. Na canza ledar katifar, na sayi wasu zannuwan. Kowace safiya kafin in duba mai da ruwa, jikin motar nake fara zagayawa.

Taɓarya ta farko da na tarar, a ƙarshen daminar ne. Ina fitowa daga zaure na ga an jingina ta a ƙofar direba. Na gane ta, domin tana da tsaguwa a wuya wadda Baba ya ɗaure da waya da hannunsa. Ta gidanmu ce. 'Yar maƙwabtanmu ce ke kan gwiwa tun jiya, uwarta tana ta cewa a ƙara jira, Inna ta fito daga can ta shiga gida ta ɗauko tata. Tana tsaye a gefen katanga, ta juya mini baya. Ba ta kira sunana ba, kuma ba ta sake kiransa ba har yau. Ta ɗaga murya ta faɗa wa ɗorawar:

"A gaya wa wancan ya matso da motar ƙofar gidan. Yarinyar ba ta iya takawa."