Ƙariyar Bayan Ɗakin Kaka

Shekaranjiya jikata ta tsinko fure ɗaya daga shukar da ke cikin rabin duro a ƙofar ɗakina, ta soka a kitsonta. Tsawar da na daka mata, har awakin maƙwabta sai da suka watse. Kunya ta kama ni, tsoho da furfura yana faɗa da 'yar shekara biyar a kan fure. To bari ku ji dalili, in ya so ku yi dariya. An daɗe ana yi mini.

A Gwandu aka haife ni. Bayan ɗakin kakarmu akwai wani lungu da ta jera ƙariya, wannan shuka mai kumburarren gindi kamar tulu. Da damina ganye kawai take yi. Sai rani ya ƙone komai, ta zubar da ganyen, ta fito da jajayen furanni a kan rassa tsirara. Akuya ba ta cinta, don guba ce. Mu ma ba ma son wurin. Ko da rana tsaka, lungun nan shiru yake, kaza ba ta tono a cikinsa.

Duk jikan da aka haifa a gidan, nan ake binne mabiyiyarsa, Kaka ta dasa ƙariya a kai. Kowa ya san tasa. Babanmu kan ce camfi ne, ta daina. Ita kuwa kowace safiya sai ta zagaya da buta tana duba su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga yara. Akwai gurabe biyu da babu komai. Ba mu taɓa tambaya ba.

Ni kuwa ba na jin magana. Allo ya gagare ni, boko na yi aji biyu malamin ya huta da ni. Wata bazara na saci ƙuli-ƙulin Inna, ƙanwata ta tona ni, na sha bulala. Don haushi na ɗauki lauje na shiga lungun, na sassare ƙariyarta har kusa da gindi. Ruwan jikinta ya yi ta tsatstsafowa yana bin laujen.

Kafin la'asar zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. Aka yi rubutu, aka yi jiƙo. Kaka ta je lungun ta dawo, ba ta tambayi kowa ba, ta zauna ta zuba mini ido kawai. Da ma duka ta yi mini.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, mata suka taru a ɗakin mara lafiya. Na ɗauki fartanya na shiga. Rana na dukan ƙeyata, amma jikina sanyi ƙalau. Na tono tawa mai furanni, na dasa a gurbin ƙanwata, na maida sararriyar gurbina. A wautata, ko wane ne ke duba shukokin nan, in ya zo zai tarar da tata lafiya lau. Ina cikin danne ƙasa na ji kamar an tsaya a bayana. Babu inuwa, babu motsi. Ban waiga ba, kuma har yau ina gode wa Allah da ban waiga ba.

Washegari yarinya ta buɗe ido ta nemi kunu.

Kaka ta kama kunnena a zaure, ta ce, "Angona, ka san abin da ka bayar?"

Na ce, "Ni mi na yi?"

Ta ce, "Tahi, ɗan nema. Ni dai babu ruwana."

Sararriyar nan ba ta mutu ba, ba ta kuma yi girma ba. Gajera, karkatacciya, ba ta ƙara fure. Ku dube ni, za ku ga mun yi kama. Shekara da shekaru na ɗauka nawa rabon ke nan, na kuma yi zaton na yi wa wani wayo.

Bara ƙanwata ta rasu, da jikoki goma sha wani abu. Bayan sadakar uku na leƙa lungun. Sararriyar da ke gurbina ta bushe ƙayau, na taɓa ta ta ruguje. Wadda na dasa a gurbin marigayiya kuwa, tawa ta asali, tana nan da furanninta. Ashe ba wanda na ruɗa. An dai ƙyale ni ne.

Ɗan wana da ya gaji gidan ya ce zai share lungun ya zuba siminti. Ban yi musu ba. Na tono abata da hannuna, na rungumo ta a mota har nan Kalgo, 'yan mota na tambaya ko rogo ne.

Yanzu na ga ana sayar da ƙariya a tukwane bakin titi, masu hali na jera ta a ƙofar gida don ado. Limaminmu ya ce rai na hannun Allah, ba ya cikin itace, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Jikata ma na ba ta haƙuri da alewa. Amma ruwan duron nan ni ke zuba shi da kaina, kuma kowace safiya, kafin in gaisa da kowa, sai na ƙirga furannin.