Ki riƙe mini Mama, in riƙe miki Zara

Sista Rifkatu ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsugune ina hura wuta. 'Yata Zara ce ta kira daga Ingila. Da na ɗauka sai numfashinta kawai nake ji. Zuciyata ta tafi kan jikana, na ce, "Me ya sami yaron?"

Ta ce, "Umma, ba shi ba ne. Sista ce."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A nan ƙasa na zauna, wutar ta mutu ban sani ba.

Tun safe nake son in rubuta, amma akwai alkawarin da ke wuyana wanda sai na sauke shi tukuna. Shi ya sa sai yanzu bayan la'asar kuke ji daga gare ni.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Rifkatu nas ce, 'yar kudancin Borno. Mun yi maƙwabtaka da su a Moduganari shekara da shekaru, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kafin mu koma Limanti. Su Kiristoci ne, mu Musulmi. Naman Sallarmu na tsallaka katangar, shinkafar Kirsimetinsu ma haka. Daga baya ta sami aiki a wani asibiti a Ingila ta tafi, ta bar mahaifiyarta, Mama Kubili, a gidan.

Da mijin Zara ya sami karatu a can, aka ce za ta bi shi, abinci ya daina wuce mini. Duk wanda ya san ni ya san halina. Yaro ya je sayen katin waya ya daɗe, na fito ƙofar gida. Balle ƙasar da ko sunan garin ban iya faɗa ba.

Na je wurin Mama Kubili na karɓo lambar 'yarta. Ashe garinsu da na su Zara bai wuce tafiyar awa ɗaya a mota ba.

Na kira Rifkatu na yi ta zuba mata a waya, ina kuka ina lissafa abin da nake tsoro. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Yaya Hauwa, kin zaci ke kaɗai ce ba kya barci? Idon Mama ya kusa rufewa, ni kuma ina nan ina wanke tsofaffin wasu. Mu yi musaya. Ki riƙe mini Mama, in riƙe miki Zara."

Babu shaida, babu takarda. Haka muka yi.

Ita ta ɗauko su daga filin jirgi. Ta je da rigunan sanyi biyu a hannu, don ta ce ta san 'yan Maiduguri, da mayafi za su sauka. Ta kai Zara ta yi rajistar likita, ta nuna mata shagon da ake samun naman halal da kuɓewa busasshiya. Ita da ke zuwa coci, ita ta nemo musu masallaci, har da takardar lokutan salla ta manna musu a jikin firij, saboda ranar can ba ta da tsari, wani lokaci ƙarfe huɗu duhu ya yi.

Wurin cike takardar likita akwai inda ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru. Zara ta ce ita in ban da mijinta ba ta da kowa. Rifkatu ta ce, "To ni ɗin itace ce? Sa sunana."

Sati biyu da zuwansu na jawo musu fitina.

Ni turaren wuta nake haɗawa in sayar a Kasuwar Litinin, kun sani. Na cika wa Zara jaka da turare da humra da kajiji, har da ƙaramin kasko, na ja mata kunne cewa gidan da ba ya ƙamshi ba gidan mace ba ne. Yarinya ta bi maganar uwarta. Ta rufe tagogi saboda sanyi, ta zuba turare. Ashe akwai wata na'ura a jikin silin da ke ihu in ta ji hayaƙi. Benen gaba ɗaya ya ɗauki ƙara, Turawa suka fito waje wasu ko takalmi babu, sai ga motar 'yan kwana-kwana.

Zara ta kira ni tana kuka, wai za a kore su daga ƙasar. Ni ma na fashe da kuka na kira Rifkatu.

Dariya ta yi har tana tari. Ta ce, "Yaya, ba wanda zai kore ta. Amma kin tura wa Turawa Maiduguri gaba ɗaya a jaka." Ta tuƙa mota ta je, ta ba mai gidan haƙuri, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da Zara a bayanta. Ta saya mata kaskon lantarki, ta ce kaɗan-kaɗan, kuma taga a buɗe. Sauran turaren kuwa rabi ta kwashe, wai ladan aikinta.

Wannan rubutun da kuke karantawa ma ita ce sanadinsa.

Ban yi boko ba. Saƙon murya nake tura mata, safe da yamma. Zara ta ci abinci? Na ji an ce ana dusar ƙanƙara, gaskiya ne? Ran nan ta ce, "Yaya, muryarki minti bakwai ce, ni kuma ina tsaye kan majinyaci, ba dama in saurara. In kin rubuta, da ido ɗaya zan duba in ba ki amsa. Ga kuma Mama, ina son in riƙa rubuto mata wasiƙa a riƙa karanta mata a hankali, ta ce a maimaita inda take so. Je ki koya."

Na ce da furfurata?

Ta ce, "Furfura a kai take, ba a ido ba."

Na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Wata takwas kafin na iya haɗa magana. Abin da na fara tura mata shi ne, Zara tana lafiya? Ta amso, tana lafiya, malama.

Tun daga nan kowace Asabar nake shiga keke napep zuwa Moduganari. In duba magungunan Mama, in yanke mata farce, in zauna a bakin gadonta in karanta mata saƙon 'yarta daga wayata. Rifkatu kan ba ta labarin tsofaffin da take jinya, wadda 'ya'yanta ke aiko fure amma ba sa zuwa, da wani tsoho da ya koyi cewa sannu. Mama ta ce, "Allah sarki, su ma bayin Allah ne."

Mun yi faɗa da Rifkatu sau ɗaya, kuma babba.

Zara ta sami ciki, na nemi biza in je jego ban samu ba. Haihuwar fari, babu uwa, babu gwaggo. Rifkatu ta ɗauki hutu ta tare a gidansu. Na aika mata da yadda za a yi, ruwan wanka mai tafasa safe da yamma, kunun kanwa a kai a kai.

Ta ce, "Wanka zan yi mata, in gasa mata jiki, amma da ruwa mai ɗumi. Kanwa kuwa ba za ta taɓa bakinta ba, tana kumbura zuciya."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mu da aka yi mana, mutuwa muka yi?"

Ta ce, "Waɗanda suka mutu ba sa nan su ba ki amsa, Yaya."

Kwana biyar ban yi mata magana ba. Ita kuwa kullum sai ta turo hoto, ga kunun gyaɗa, ga farfesun kaza, ga Zara ta yi ɓul-ɓul tana shayarwa. A rana ta shida ta turo hoton jaririn a goye a bayanta da zanen atamfa, tana tuƙa tuwo a kicin ɗin Turawa. A ƙasa ta rubuta, kakarsa ta can tana fushi, ta nan tana aiki. Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Ba ta taɓa ɓoye gaskiyar zaman waje ba. In matasan unguwa suka karɓi lambarta suna neman hanyar tafiya, ba ta hana su. Takan ce su zo da takarda ta gaskiya da sana'a a hannu, kuma su sani a can wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, amma za ka yi sati ba wanda ya ce maka yaya ka kwana.

Labarin gida kuwa ta fi mu bi. Lokacin ambaliya, ita daga can take gaya mini unguwar da ruwa ya kai, ni da nake cikin garin. Kuɗin mai, tsadar hatsi, hanyar da ta yi kyau da wadda ba a bi, duk tana da abin faɗa, kuma ba ta raga wa masu mulki. Amma ranar da wasu 'yan Najeriya a guruf ɗinsu na waya a can suka ce ƙasar ta gama lalacewa, a manta da ita, Zara ta ce layi ɗaya Rifkatu ta rubuta musu: ƙasar da kuke cewa a manta, iyayenku suna cikinta.

Ganina da ita na ƙarshe Kirsimetin da ya wuce ne, ta zo gida sati uku. Ta kawo mini tabarau na karatu, wai ta gaji da ganin ina kai waya bakin hanci. Muka zauna a tsakar gidansu muna cin ɗanwake, ta miƙe ƙafa a rana ta ce a bar ta ta sha rana, can ba su da ita, sai dai a sayar musu da madadinta a kwalbar magani.

Da za ta raka ni bakin titi ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Yaya, mu na waje mutuwarmu a waya take fara isowa. Wani ya sa hotonka a intanet, kafin a ce me, har an yi wa uwarka gaisuwa ba ta san an yi ba. In wani abu ya same ni, kada Mama ta ji a waya. Ki je da ƙafarki."

Na ce ta daina wannan magana, ni ce babba, ni zan riga ta.

Ta ce, "To in kin riga ni, na yafe miki."

Shi ya sa yau, da na iya miƙewa, na kira ƙaninta da ke Abuja. Ya ce yana hanya, amma kada a jira shi. Na bi ta gidan matar fastonsu na ɗauke ta, muka shiga keke. Duk tsawon hanya addu'a nake kada wani ya riga mu.

Mama na zaune a kan tabarma, rediyonta a kashe. Ta ji takuna tun daga zaure.

Ta ce, "Hauwa? Yau ba Asabar ba ce."

Na durƙusa na kama hannunta. Duk maganar da na shirya a keke ta gudu. Na ce, "Mama, Rifkatu ce. Allah Ya karɓi abinSa."

Ba ta yi ihu ba. Ta riƙa murza yatsuna. Sannan ta yi tambaya ɗaya, wadda na san ita ce ke cin ta tun ranar da 'yarta ta hau jirgi.

"Ita kaɗai ce?"

Na gode wa Allah da ina da amsa.

Jiya da rana Rifkatu ta faɗi a wurin aiki, jini ne ya hau mata kai. Da asibiti suka buɗe takardarta don su ga wanda za a kira, sunan Zara suka gani. Ba mu taɓa sani ba. Zara ta bar yaron wurin babansa ta tafi. Ba ta gaya mini jiya ba, ta ce ta san ni. Ta zauna a gefen Rifkatu, ta riƙe mata hannu, tana yi mata hira da Hausa ko da ba ta amsawa, ta kira mutanen cocinsu suka zo suka yi mata waƙoƙinsu. Har gari ya waye rai ya yi halinsa, hannunta na cikin na 'yata.

Na gaya wa Mama haka. Sai a lokacin hawayenta suka zubo. Ta ce, "To ba a daji ta mutu ba."

Shekara huɗu ina tsoron kada wani abu ya sami 'yata a ƙasar da ba ta da kowa. Ban taɓa kawo wa raina cewa wadda ke riƙe mini ita ma tana buƙatar mai riƙe ta ba.

Maganar ko za a kawo ta gida ko a can za a yi, danginta ne za su yanke. Don Allah kada ku dame su da waya yau.

Kafin in taho Mama ta ce in karanta mata saƙon Asabar da ta wuce. Na sa tabarau na karanta. Ba wani abu ba ne, labarin sanyi ne, da cewa a tabbata tana shan maganin safe, da tambayar ko lemon tsamin bayan ɗaki ya yi 'ya'ya. Ta ce a maimaita. Na maimaita sau uku.

Da na kai zaure ta kira ni. "Hauwa, Asabar fa? Ai yanzu babu sabon saƙo."

Na ce, "Tsofaffin na nan cike da waya, Mama. Daga na farko za mu fara."

Rifkatu, kin sauke naki. Nawa yana wuyana har ranar da Allah Ya raba.

Ya Allah, Kai ne Ka ga abin da baiwarKa ta yi wa 'yata a inda hannuna bai kai ba, kuma ko ƙwayar zarra ba ta ɓata a wurinKa. Ka ba Mama Kubili haƙuri da juriya, Ka sanyaya zuciyar danginta da ta Zara. Ka tsare 'ya'yanmu da ke warwatse a ƙasashen mutane, Ka haɗa kowannensu da irin Rifkatu. Mu kuma Ka sa mu cika da kyau.

Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ina roƙon ya yi addu'a yadda ya iya. Ku sa tsohuwar nan ta Moduganari a ciki, da sunanta.